Kafin a miƙa ta ga 'yan jari bola

Ina zaune a shagon wani dattijo mai buga takardu a unguwarmu, ina jiran a fitar min da wata wasiƙa, sai ga wata baiwar Allah ta shigo tana son a biya wa ɗanta kuɗin makaranta ta intanet. Mai shagon ya buɗe shafin makarantar, shafin ya fito rabi da rabi. Tambari ya fito, hoton ƙofar makaranta ya fito, amma maɓallin da za a danna a ciro lambar biyan kuɗi ya ƙi motsi. Ya rufe ya sake buɗewa, ya kashe kwamfutar ya kunna, shiru. Matar ta gaji da tsayuwa ta ce bari ta gwada gaba.

Aka kira yaron da ke gyara a layin. Ko zama bai yi ba, ya leƙa allon ya ce, "Baba, ai wannan ta gama aiki. Ka haɗa kuɗi ka sayi wata kawai, wannan kuma a kira 'yan jari bola."

Maganar nan ta tsaya min a rai. Kwamfutar da ake cewa ta gama aiki tun safe take aiki. Da ita ya buga wa wani ɗalibi furojet, da ita ya zana katin ɗaurin aure, da ita kuma ya fitar da wasiƙata. Allonta lafiya, madannanta lafiya, firinta na jin maganarta. Abu ɗaya ne ya tsufa a cikinta, manhajar da ake shiga intanet da ita, wadda muke kira burauza. Ita kuwa cikin 'yan mintuna ake canja ta, ba a biyan ko kwabo.

Ga matsayina tun da wuri. Duk mai tsohuwar kwamfutar da har yanzu take masa aiki, musamman masu Windows 7 da suka cika shagunan buga takardu da makarantun koyon kwamfuta da ƙananan ofisoshi, ya kamata ya koma ɗaya daga cikin burauzojin da 'yan sa-kai ke kula da su, ya ci gaba da morar kayarsa. Akwai haɗari a ciki, zan kawo shi ba tare da na rage komai ba. Sai dai bai kai haɗarin abin da mutane ke yi yanzu ba.

Me ya faru da ita?

Windows 7 ta fito a watan Oktoba na 2009. Kamfanin Microsoft ya daina kula da ita ranar 14 ga Janairun 2020. Google ya ɗan ƙara haƙuri, amma a Janairun 2023 ya fitar da zubi na 109 na burauzarsa Chrome ya ce shi ne na ƙarshe ga masu Windows 7 da 8. Edge na Microsoft ma a lamba 109 ya tsaya. Mozilla, mai burauzar Firefox, ta tsaya a lamba 115 a watan Yulin shekarar, sai dai ita ta ci gaba da toshe kafofin tsaro a wani reshe da ake kira ESR, ta yi ta ɗaga ranar rufe shi saboda yawan masu amfani da shi. Masu Windows XP kuwa tuni aka sallame su, Chrome tun 2016, Firefox a 2018.

Su kuma masu gina shafuka da sabuwar burauza suke gwada aikinsu. Chrome kan fitar da sabon zubi duk bayan 'yan makonni, kowane zubi da sababbin umarnin da yake ganewa. Idan mai gina shafi ya yi amfani da umarnin da aka shigo da shi bara, burauzar 2023 za ta iso wurin ta tsaya cak, domin ba ta taɓa jin sa ba. Abin da ya kashe wancan maɓallin ke nan. Babu waya da ta ƙone, babu ƙarfe da ya lalace.

Bari ma in ratse kaɗan. Akwai wata cutar da ta fi wannan sauƙi, wadda ta sa an zubar da kwamfutoci masu yawa. A jikin babban allon cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batiri mai siffar kwabo, shi ke riƙe agogo idan an kashe wuta. Idan ya mutu, kwanan wata sai ya koma shekarar da aka ƙera na'urar. Shafukan yanzu kuwa kowanne na da satifiket mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwamfutar da ta ɗauka muna 2010 za ta ƙi kowane satifiket, ta cika allo da jan gargaɗi. Kuɗin batirin bai kai na cin abincin rana ba. Mai gyaran da bai duba agogo ba kafin ya yanke hukunci, a sake neman wani.

Su wa ke wannan aiki?

Chrome a kan wani tushe aka gina shi mai suna Chromium, kuma lambobin da aka rubuta tushen da su a buɗe suke, kowa na iya kwafa ya gyara ya rarraba. Haka ma Firefox. Wannan ne ya ba wasu mutane damar ɗaukar sabon zubi, su bi shi layi-layi suna gano duk inda yake neman wani abu da tsohuwar Windows ba ta da shi, su rubuta madadinsa.

Supermium, wanda ya bayyana a 2023, haka yake. Chromium ne na zamani da aka lallaɓa har yake tashi a Windows 7, da Vista, har ma da XP. Wanda ya saba da Chrome ba zai ga baƙon abu ba idan ya buɗe shi. Akwai Pale Moon da ya ɓalle daga Firefox tun 2009 ya kama hanyarsa. Akwai Mypal na masu XP. Masu tsofaffin kwamfutocin Apple su ma sun yi nasu mai suna TenFourFox, zan dawo kansa.

Duk wanda ya taso a arewa ya san wannan sana'ar ko da bai san kwamfuta ba. An daɗe da daina haɗa Fijo 504 a Kaduna, amma ta ci gaba da ɗaukar fasinja shekara da shekaru, saboda kanikawa da maƙeran Panteka sun ƙi yarda cewa ranar da kamfani ya janye hannu ita ce ranar mutuwar mota. Abin da babu a kanti sai su ƙera. Bambancin kawai, maƙeran burauza ba sa karɓar kuɗin aiki.

"Ai babu tsaro"

Wannan ce babbar hujjar masu suka, kuma ba hujjar banza ba ce. Zan daɗe a kanta.

Gaskiya ne sabuwar burauza ba ta gyara tsohuwar Windows. Duk wata kafa da aka gano a Windows 7 bayan an daina kula da ita tana nan a buɗe. Mun kuma ga abin da irin wannan kafa ke jawowa. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya cikin 'yan kwanaki, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ba ta burauza take shiga ba, ta hanyar da kwamfutoci ke musayar fayil a tsakaninsu take bi. Mai Supermium da marar shi duk ɗaya ne a wurinta.

Gaskiya ne kuma 'yan sa-kai ba su da saurin Google. Idan aka gano ɓaraka yau, Google na iya toshe ta cikin kwanaki, shi kuwa mutumin da ke aikin nan da daddare bayan ya taso daga wurin neman abincinsa yana iya ɗaukar makonni.

Na yarda da duka biyun. Tambayata ita ce, da me ake gwada shi?

Masu wannan suka suna magana kamar mai shagon yana da zaɓi biyu a gabansa, tsohuwar kwamfuta ko sabuwa dal a kwali. Ba haka abin yake ba. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun Yulin 2024 naira dubu 70 ne. Dalar da ake canjawa ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma duk kwamfutar da ke kasuwa da dala aka shigo da ita. Idan ka ce wa mai buga takarda ya sayi sabuwa, zai ce maka to, Allah ya hore. Gobe kuma ka dawo ka same shi a gaban tsohuwar, da tsohon Chrome ɗinsa na 2023, yana ta fama.

Zaɓin gaskiya ke nan: burauzar da aka daina taɓawa shekaru, ko wadda ake gyarawa ko da a makare. A watan Satumban 2023 an gano wata kafa a yadda burauzoji ke buɗe wani nau'in hoto mai suna WebP. Ba sai ka sauke komai ba, ba sai ka danna komai ba, hoton da aka shirya da mugunta ya bayyana a shafi kawai ya isa. Manyan burauzoji duk suka yi gaggawar fitar da gyara. Wanda burauzarsa ta daskare kafin wannan wata, har yau da kafar yake yawo, da ita da duk waɗanda aka gano bayanta. A yau kuwa burauza ce babbar ƙofar da kwamfuta ke hulɗa da baƙi ta cikinta. Gyara wannan ƙofar bai gyara gidan duka ba, amma ya fi a bar ta a wangale.

Akwai kuma wani abu da ke ba ni dariya. Sau da yawa mai gyaran da zai tsuke fuska ya ce maka bai yarda da burauzar da ba ta kamfani ba, shi ne ya sa maka Windows ta sata, da Office na sata, da CorelDRAW da aka fasa makullinsa, duk daga wani filas da ya zaga kwamfuta ɗari. Kowa ya san bairos ɗin nan da ke mayar da fayilolin filas su zama shotkot, babu shagon da bai sha shi ba. Shiga shagon buga takardu ka dubi fuskar allon: hotunan fasfo na mutane, takardar NIN, sakamakon jarrabawa, takardar haihuwa, duk a zube, wasu tun na shekara uku. Idan da gaske tsaro ne ya dame mu, ga inda za a fara. Manhajar da kowa ke iya karanta lambobinta a fili ba ita ce abin tsoro na farko a wannan ɗakin ba.

Darasin WannaCry ma idan aka duba shi da kyau, ba a kan tsufa kaɗai yake ba. Microsoft ya fitar da maganin kafar tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin annobar. Mafi yawan waɗanda ta kama masu Windows 7 ne da ba su sa gyaran ba, alhali a lokacin ana kula da ita. Mu nan abu na farko da ake yi wa sabuwar kwamfuta shi ne a kashe sabuntawa don kada ta cinye data. Mai Windows 7 ya tabbata ya sa duk gyaran da aka fitar mata har zuwa 2020, ya bar katangar tsaronta a kunne, ya daina barin burauza tana ajiye kalmar sirri, ya riƙa goge takardun mutane idan an gama.

Iyaka ɗaya nake ja, ba na kuma sassautawa a kanta. Harkar banki da duk wani asusu da kuɗi ke kwance a ciki, a yi ta a wayar da ake sabuntawa. Tsohuwar kwamfuta ta cike fom, ta ciro takarda, ta buɗe imel na aiki, ta yi bincike. Kada a ɗora mata abin da idan ya zube ba a kwashewa.

"Mutum ɗaya ne fa, idan ya gaji?"

Zai gaji. Wannan ba zato ba ne, an gani.

Apple ya bar injin PowerPC ya koma na Intel a 2006. Bayan 'yan shekaru Mozilla ta daina yi wa waɗancan kwamfutoci Firefox. Sai wani likita a jihar Kalifoniya ta Amurka, Cameron Kaiser, ya ɗauki aikin a 2010 ya sa masa suna TenFourFox. Yana aikinsa na lafiyar al'umma, yana kuma riƙe da burauza sukutum a lokacin hutunsa. A 2021 ya sanar cewa ya ajiye, domin intanet ta yi nauyin da mutum ɗaya da tsohon inji ba za su iya bin ta ba.

Masu suka na kawo wannan labari a matsayin gargaɗi. Ni kuma ina ƙirga shekarun. Kwamfutar da aka saya a 2005, wadda masu ita suka juya mata baya, ta samu ƙarin shekara goma sha ɗaya tana shiga intanet. Yaro ya shiga firamare ya kusa gama sakandare a wannan tsakanin. Da ya ajiye kuma bai tafi da makulli ba, lambobin na nan a fili, wasu suka ɗauka suka ɗan ƙara gaba da su. In kuwa tsoron a tafi a bar ka ne, ai manyan kamfanonin ne suka fara tafiya, shi ya sa muke wannan zancen.

Abin da ya fi gajiya ban tsoro shi ne amana. A watan Yulin 2019 masu Pale Moon suka fito suka faɗa da bakinsu cewa an kutsa cikin rumbun da suke ajiye tsofaffin zubin manhajar, an cusa musu bairos, kuma abin ya daɗe kafin a lura. Ƙaramar ƙungiya ba ta da ma'aikatan da za su kwana suna gadi. Ban da wannan, akwai shafukan bogi da ke ɗaukar sunan irin waɗannan manhajoji su lulluɓe mugun abu a ciki. Don haka wurin saukewa ɗaya ne, shafin masu aikin na asali. Supermium a GitHub yake zaune, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Kada a karɓa daga filas ɗin wani, kada a karɓa daga tura-ni-in-tura-ka na WhatsApp. Mai Windows 7 da zuciyarsa ba ta kwanta da 'yan sa-kai ba, ya fara da Firefox ESR muddin Mozilla na ci gaba da gyara shi, ya ajiye ɗayan don shafin da ya ƙi buɗewa.

"Me zai hana a sa Linux?"

Babu abin da zai hana, kuma inda zai yiwu shi ya fi. Linux tsari ne da ake sawa a madadin Windows, kuma nau'o'insa irin su Linux Mint ko Lubuntu ko antiX za su ba tsohuwar kwamfuta tsarin da ake gyarawa har gobe, da burauza ta zamani kai tsaye daga masu ita. Ɗalibin da karatu da rubutu da kallon darasi ne buƙatarsa, wannan nake ba shi shawara.

Amma masu wannan shawara ba su cika tambayar me mutum ke ci da kwamfutarsa ba. Mai zanen katin biki da kalanda CorelDRAW ne jarinsa, da fayilolin shekara goma da kwastoma zai dawo ya ce a canja masa suna kawai. Tsohuwar firintarsa da sikana da na'urar ɗaukar zanen yatsa da Windows suka saba. Yaran shagonsa a kan Word suka koyi aiki. Ka ce ya rushe duk wannan saboda maɓalli ɗaya ya ƙi dannuwa? Canja burauza aikin 'yan mintuna ne, kuma idan bai yi ba a cire shi, babu abin da ya taɓu.

Laifin masu gina shafuka

Wani zai ce ko an sa sabuwar burauzar, tafiyar hawainiya za ta yi. Wani lokaci haka ne. Injin da ya haura shekara ashirin, mai ram (ƙwaƙwalwar da na'ura ke aiki da ita) rabin gig, ba zai ɗauki intanet ta yau ba ko wa ya rubuta masa burauza, wannan a bar shi ya yi buga takarda. Amma kwamfutocin zamanin Windows 7 ba haka suke ba. A ƙara ram ya kai gig 4, a cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri marar juyawa, ko da ƙarami, a sa manhajar toshe talla irin uBlock Origin, a daina buɗe shafi goma a lokaci ɗaya. Wanda ya yi wannan zai yi mamakin abin da yake shirin zubarwa.

Sai dai tambayar da ba a yi ita ce, me ya sa shafin da aikinsa karɓar suna da lambar ɗalibi yake buƙatar injin bana? Matsakaicin shafi a intanet yanzu ya haura megabait 2, mafi yawansa hotuna ne da tarkacen lambobi na ado da na bibiyar mai karatu. A shafin sayar da takalma wannan matsalar mai shafin ce, idan ya yi nauyi in tafi wani. Shafin biyan kuɗin makaranta, ko na neman aiki, ko na rajistar jarrabawa, ba ni da wani wurin zuwa. Dole ce ta kawo ni. Wanda ya gina shi a kan sabuwar laftof a ofis mai sanyi, ya gwada a burauza ɗaya ya ce ya yi, ya ɗora wa talaka harajin da babu majalisar da ta amince da shi.

Ana iya yin sa daban. Masu kula da shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, ƙa'idarsu ita ce a fara gina shafi yadda zai yi aiki a mafi raunin na'ura, ado ya biyo baya. A 2022 sun cire wani ƙunshin lambobi mai suna jQuery daga shafukansu, ɗan abu ne da bai wuce kilobait talatin da 'yan kai ba, saboda sun auna sun ga masu tsofaffin wayoyi da raunin sabis ne ke shan wahalarsa. Ƙasar da ta fi mu kuɗi nesa ba kusa ba tana ƙirga kilobait saboda marasa ƙarfinta.

Akwai kuma masu tare hanya da gangan ko da ganganci. A farkon 2025 masu amfani da Pale Moon da wasu ƙananan burauzoji sun yi ta kukan cewa shingen tantancewa na kamfanin Cloudflare, wannan ɗan akwatin da ke cewa ka tabbatar kai mutum ne, yana hana su shiga shafuka masu yawa. Idan ya zama burauza uku ko huɗu ne kawai ake ɗauka a matsayin mutane, to kamfanoni uku ko huɗu ne ke yanke ranar da kwamfutarka za ta daina amfani.

Abin da ke tafe ya fi wanda ya wuce

Masu cewa wannan duk riƙon tsohon yayi ne, mu ci gaba kamar kowa, su dubi kalanda. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa: sai injin da ke da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sai kuma firosesa ta kusan 2018 zuwa sama. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan zai iya mayarwa shara. Ina ake tsammanin za su nufa?

Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano kusan tan dubu 60 na kayan lantarki na hannu ke shigowa a shekara, da yawa a cunkushe cikin motocin tokumbo. Daga can su bi Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba, su hauro Kano da Kaduna, wasu su tsallaka Maraɗi da Damagaram. Laftof ɗin da ɗalibi zai saya bana yana murna ya samu ta Landan, akwai yiwuwar tana cikin waɗanda Windows 11 ta ƙi. Yau Chrome na tafiya a kanta lafiya. Wata rana shi ma zai sa lambarsa ta ƙarshe, kamar yadda ya sa 49 ga masu XP ya sa 109 ga masu Windows 7. Wato matsalar da ake gani ta 'yan tsiraru masu Windows 7 ce, nan da 'yan shekaru ta yawancinmu ce.

Ita kuma wadda aka ba 'yan jari bola ba ɓacewa take ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran mun san yadda ake yi da irinsa: a fasa da guduma, a ƙona waya a ciro jan ƙarfe, yaro na tsaye cikin baƙin hayaƙi babu ko ƙyalle a hanci. Agbogbloshie ta Accra, inda samari da yawa daga arewacin Ghana suka yi wannan aiki har aka rushe wurin a 2021, ita ta yi suna a jaridun Turai. Amma ba sai an je Ghana ba, a bayan kasuwanninmu ma ana yi.

Inda nake ganin namu sakacin shi ne mun tsaya a masu saukewa kawai. Kowace shekara jami'o'inmu, daga Bayero zuwa Ahmadu Bello zuwa Abdou Moumouni ta Yamai, suna yaye masu digirin kimiyyar kwamfuta. Ba kowa zai iya gyara injin burauza ba, aiki ne mai wuya. Amma ɗalibin aji uku na iya zama da tsohuwar kwamfuta ya buɗe shafukan hukumominmu ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta wanne ya buɗe wanne ya ƙi, ya gano layin da ya jawo, ya aika wa masu burauzar da masu shafin. Wannan ya fi furojet ɗin da ake kwafowa daga na bara. Ƙungiyoyin masu gyaran kwamfuta na kasuwanni su ma za su iya koya wa yaransu wannan, domin mai gyaran da ya tayar da kwamfutar da aka fid da rai da ita ya samu kwastoma na har abada, wanda ya ce a zubar kuwa kuɗin leƙawa kawai ya ci.

Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ce ke da hurumin shimfiɗa ƙa'idojin shafukan gwamnati a Najeriya. Abin da nake so in gani a kowace kwangilar gina shafin makaranta ko ma'aikata ko hukumar jarrabawa sharaɗi ne guda: kafin a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe, a kawo tsohuwar kwamfuta mai ram gig 2, a haɗa ta da intanet ɗin waya, a sa shi ya cike fom ɗin da kansa tun daga farko har ya fitar da rasit, sau ɗaya a burauzar gidan Chromium, sau ɗaya a ta gidan Firefox.